Ɗana ko kallona ba ya yi in na dawo daga aiki, ni na jawo?

Malama_KofarSauri:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, a yi min uzuri in na yi tsawo. Ni malamar firamare ce a cikin garin Katsina, muna zaune a gidan su maigidana, gida ne na yawa. Ɗana na fari watansa 11. Tun yana wata uku na koma aiki, ina barin sa wajen Inna, mahaifiyar maigidana, da wata ƙanwarsa da ta gama sakandare. Bakwai da rabi na fita, wajen ƙarfe biyu na dawo. Abin da ke ci min rai, in na yi sallama na shigo, yaron nan sai ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya koma yana buga murfin tukunyarsa a ƙasa. Ba dariya, ba rarrafowa. Amma Inna ko zagawa ta tashi yi, sai ya bi ta da kuka har bakin ƙofa. Ni nono kaɗai ke haɗa mu. Jiya na ci karo da bidiyon wata a TikTok tana cewa jaririn da ba ya murnar dawowar uwarsa ya cire rai da ita ke nan, kuma haka zai tashi ba ya iya sakin jiki da kowa har bayan aurensa. Wallahi ban runtsa ba. Na san dai ba na yi masa wasa a gaban Inna, ko sunansa ba na kamawa, saboda ɗan fari ne. To ni na jawo? Akwai gyara?

Goggon_Yara:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Kwantar da hankalinki ki bar ma 'yan TikTok bidiyonsu. Ɗiya bakwai na haifa. Na farin ko wata biyar bai rufa ba uwar mijina ta amshe shi, in ba nono ba ba a miƙo mani shi. Ita yake ce ma Inna, ni kuwa da sunana yake kira na har ya shiga sakandare. Yau shi ke sayen maganin hawan jinina duk wata ba fashi. Tsakanin ɗa da uwa sai Allah.

Abu_Khalifa:
Ki gode wa Allah da kika samu yaro marar ƙiwa. Namu watansa goma, uwarsa ko salla sai da shi a baya. Ni da na haife shi in na miƙa hannu sai ya kwantsama ihu kamar ya ga dodo.

UmmuJiddah:
Abu Khalifa ba ka karanta da kyau ba. Yana da ƙiwar, wajen Inna yake yin ta. Abin da ya dame ta ke nan. 'Yar uwa na san zafin nan, ni ma 'yar raino ta taɓa ƙwace min 'ya haka ina ji ina gani.

Lakcara_Dutsinma:
Malama sannu da ƙoƙari. Wannan darasi ina koyar da shi ga masu neman shaidar malanta, don haka bari in warware abin da mai bidiyon ta dunƙule. Gaskiya ta ɗauko, sai dai ta ɗora ta a inda ba muhallinta ba.

Tushen maganar wani likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan Ingila, John Bowlby, wanda ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 kan yaran da suka rasa gida da iyaye bayan yaƙin duniya na biyu. Shi ya tsaya a kan cewa jariri da buƙatar manne wa wani babba ake haifarsa, kamar yadda ake haifarsa da buƙatar nono. Kuka, murmushi, bin mutum da rarrafe, duk dabarun riƙe wannan babban ne a kusa. Wadda ta rarraba shaƙuwar iri-iri kuwa abokiyar aikinsa ce, Mary Ainsworth, kuma a nan Afirka ta fara. A 1954 da 1955 tana Yuganda, tana shiga gidaje 26 a ƙauyukan da ke kewaye da Kampala, tana zama da masu goyo tana kallon yadda suke da 'ya'yansu.

Bayan ta koma Baltimore a Amurka ne ta tsara wani gwaji na kamar minti 20. Ana kai uwa da yaro mai wata 12 zuwa 18 ɗakin da bai taɓa shiga ba, an zuba kayan wasa. Baƙuwa ta shigo. Uwa ta fita ta bar shi da baƙuwar, ta dawo, ta sake fita ta bar shi shi kaɗai, daga baya ta dawo. Masu binciken suna leƙe ta gilashin da na ciki ba ya ganin na waje. Ba yawan kukan suka fi dubawa ba. Yadda ya tarbi uwar bayan hankalinsa ya tashi, shi ne abin lura.

Mai natsattsiyar shaƙuwa zai neme ta, ta ɗauke shi ya yi shiru, jim kaɗan ya zame ya koma wasa. Su ne mafi yawa, kusan biyu cikin uku. Mai kau da kai zai yi kamar bai ga shigowarta ba, alhali da aka auna bugun zuciyar irinsu an ga yana hawa, wato damuwar tana nan, ɓoye ta ya koya. Mai so da ƙi zai ƙanƙame ta yana kuma ture ta, yana banƙarewa, lallashi ba ya kama shi. Na huɗun Mary Main da Judith Solomon suka ƙaro shi a 1986, shi ne rikitacce: ya nufo uwar ya sandare a tsakiyar ɗaki, ko ya taho da baya-baya, kamar wadda zai gudu wajenta ita ce kuma yake tsoro.

To duba naki. Kin shigo ƙarfe biyu, yana gidansu, a ƙoshe, ga Inna a gefe, ga murfin tukunya. Me ya tayar masa da hankali da zai nemi mafaka? Ba komai. Wanda bai ji ƙishi ba ai ba za a gane randar da ya fi so ba. Ki lura da ranar da ya tsorata, ko ya faɗi, ko zazzaɓi ya kama shi cikin dare, kina nan Inna na nan ko ba ta nan. In kika ɗauke shi yana lafawa? Wannan ce tambayar. Ko ita ɗin ma ba a yanke hukunci da ita daga gida, masu sanya yaro a waɗannan rukunai horo na musamman suke yi.

Sarkin_Musu:
Lakcara duk na ji. Amma wannan ai zancen Turawa ne da ke kulle jariri a ɗakinsa shi kaɗai da gadon katako. Mu yaro a bayan uwa yake kwana yake tashi, gida cike da goggonni da yayye. Ka ɗauko mudun Baltimore ka zo auna gero a kasuwar Mashi?

Lakcara_Dutsinma:
Malam Sarkin Musu, rabin maganarka masanan da kansu sun yarda da ita. Amma an zo an auna a nan ma. A 1977 aka wallafa wani bincike da Robert Marvin da Robert LeVine da Sarah LeVine da abokan aikinsu suka yi kan jarirai 18 na Hausawa, a irin gidajenmu na yawa. Sun samu cewa kowane jariri ya shaƙu da mutum uku ko huɗu, amma akwai ɗaya da ya fi nema in abu ya yi tsanani, kuma yawanci ita ce wadda ta fi ɗaukarsa da yi masa wasa, ko da ba ita ke ba shi nono ba. Kamar gidan su Malama suka shiga. A Mali kuma an yi gwajin da Dogon, uwa da ɗa 42, aka wallafa a 2001: kusan biyu cikin uku natsattsu, kuma ba a samu mai kau da kai ko ɗaya ba. Masu binciken sun danganta haka da cewa uwa ba ta nisa, ɗa na motsawa an ba shi nono. A arewacin Jamus kuwa masu kau da kai sun yi yawa, a Japan masu so da ƙi. Da aka haɗa bincike 32 na ƙasashe takwas a 1988, sai aka ga bambancin da ke cikin ƙasa ɗaya ya ma fi na tsakanin ƙasashe. Mudun yana da aibunsa, amma geron ko'ina gero ne.

Sarkin_Musu:
Jarirai 18 kacal? Ko layinmu a Rafindaɗi ya fi haka masu goyo. Na dai ji, ban ce na yarda ba.

Yar_Fari_Ce:
Ni ba zan yi zancen Turawa ba, nawa zan faɗa, kuma Goggo ki gafarce ni. Ni 'yar fari ce. Shekarata 34, 'ya'yana uku. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba, "ke" ce ko "waccan". Ban san ɗumin jikinta ba. Ina tuna ranar da na ƙone da ruwan zafi ina aji biyu, tana tsaye tana tankaɗe, ko rariyar ba ta ajiye ba, sai ta ƙwala wa abokiyar zamanta kira ta ce zo ki ga 'yarki. Na ga hannunta yana rawa, wallahi na gani, amma ba ta taɓa ni ba. Ƙannena kuwa har kan cinyarta suke kwanciya yanzu haka da girmansu. Da na yi ɓari bara waccan, ƙanwar babana na kira, ita Umma a bakin mutane ta ji. Ina yi mata duk abin da ɗa ke yi wa uwa, kamar yadda ɗanki ke saya miki magani. Amma sayen magani daban, iya zama ka buɗe cikinka daban. Malama, in za ki ji tawa, ki rage kunyar nan tun yanzu.

Goggon_Yara:
Ba ki yi mani laifi ba ɗiyata, Allah ya sanyaya maki. Amma ku yaran yanzu kun ɗauka alkunya ƙiyayya ce. A tsakar gida ake yin ta, gaban surukai. In dare ya yi an miƙo mani shi shan nono, sai in jawo aci-balbal kusa in yi ta ƙirga yatsun ƙafarshi, ina mashi 'yar waƙa a kunne yadda ba mai ji. Da na ji motsin uwar mijina sai in juya baya kamar barci nake. Mi ya fi wannan so? Kuma alkunyar nan tana da dalili. Yarinya ce 'yar sha biyar sha shida ta haihu, mi ta sani? Sai manya su karɓa su rena, ita ta koyo a kan na biyu.

Yar_Fari_Ce:
Goggo ke kin yi ta a tsakar gida kin sauke ta a ɗaki. Wasu har ɗakin suke shiga da ita. Ni kuma ba wadda ta tsaya min tsayuwar uwa, yau ina ɗakin wannan gobe ina na waccan. Ɗan Malama ya fi ni sa'a, shi yana da Inna.

Ustaz_Gobarau:
Bismillah. Kunya alheri ce, amma a bambance wadda addini ya yaba da wadda al'ada ta ɗora. Ya tabbata cikin Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan, sai Aƙra'u ɗan Habis ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Aka amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Kuma yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro, saboda sanin halin da uwar za ta shiga. A ɗaya ɓangaren, kada Malama ta ɗauka renon kaka naƙasa ne. Shi kansa Halimatus Sa'adiyya ta shayar da shi, Ummu Aimana ta rene shi, mahaifiyarsa ta rasu yana shekara shida, kakansa ya riƙe shi, sannan baffansa. Ki sumbaci ɗanki ki kira sunansa, ki kuma gode wa surukarki. Ba sa cin karo.

DanKusugu:
Daga Daura nake bin ku. Ustaz ya gama magana. Amma a gaya wa mazan ma. Mu iyaye maza kunyar ɗan farinmu ta fi ta mata, ba mai zancenta. Babana har ya rasu "kai yaro" yake ce min, ina da gemu.

Maman_Biyu_Mani:
Tunda an taɓo al'ada, ni yaye ne ya tsaya min a rai. 'Yata tana shekara ɗaya da wata tara aka ce lokaci ya yi. Ranar wata Juma'a da safe ta sha nono ta ƙoshi, aka goya ta aka kai wa mahaifiyata a Mani, aka ce kar in kuskura ta gan ni. Kwana goma. Aka ce min kwana biyun farko ta yi kuka har muryarta ta dishe, daga nan ta yi shiru, ta zauna gindin turmi ba ta wasa, sannan ta ware ta shiga yara. Kowa na cewa ta yayu, yarinya mai haƙuri. Ranar da na je, na durƙusa na buɗe hannu, yarinyar nan ta dube ni kamar baƙuwa ta juya ta cusa kai cikin zanen Hajiya. Na kawo mata biskit ta karɓa ba ta kalle ni ba. Sai da muka kwana uku a gida ta yarda ta hau jikina, daga nan kuma ta koma ko tsakar gida ba na takawa sai da ita riƙe da zanena, wajen wata biyu. Na biyun a gabana na yaye shi, na riƙa rage masa a hankali, na rana ya fara tafiya sannan na dare. Na sha surutu kam.

Lakcara_Dutsinma:
Maman Biyu, kin zayyana abin da Bowlby da wani abokin aikinsa James Robertson suka gani a asibitocin Ingila a shekarun 1950, lokacin da ake kwantar da ƙananan yara a hana iyaye zama da su. Mataki uku suka lissafa: bore, sai yanke ƙauna, sai janye jiki. Ma'aikata suna ganin na ukun su ce yaro ya saba. Aikinsu na cikin abin da ya sa aka sassauta dokar ziyarar iyaye a can. Sai dai bambanci ne babba tsakanin kai yaro wajen kakar da ya sani da barin sa hannun baƙi.

Goggon_Yara:
To Malam duk mu nan haka aka yaye mu, wa ya haukace? A shafa maɗaci a nono, a kai ka gidan kaka, a dama maka kunu, shi ke nan. Kun cika son ƙirƙiro ciwo.

UmmuJiddah:
Goggo ba a ce an haukace ba. Amma in akwai hanyar da yaro ba zai dishe da kuka ba, don me za a ƙi ta?

Bintu_Zaure:
Ku kuna zancen kwana goma. Ni da aure ya mutu, ranar da na yaye ɗana uban ya aiko aka ɗauke shi, yana shekara biyu ba wata ɗaya. Aka kai wa matar da bai taɓa kwana ɗakinta ba. Shekara huɗu yanzu, sai da salla nake ganinsa, yana gaishe ni yana kallon ƙasa. Wane rukuni za ku sa wannan?

Ustaz_Gobarau:
Allah ya isar miki 'yar uwa. Mutane su sani, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa ce ta fi cancanta da renon ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta tare a gidan miji, matuƙar babu abin da ya kayar da haƙƙin. In uwar ta yi wani auren, galibi mahaifiyarta ce ke biye, ba uban ba, shi ciyarwa ce a kansa. Wannan ƙwace yaro ranar yaye al'ada ce kawai. Ki samu malami ko lauya masanin shari'ar Musulunci ku zauna.

Abu_Khalifa:
Ustaz a yi adalci, wasu matan ma da yaran suke ramuwa a kan uba, su hana shi ko gani.

Admin_Zaure:
Jama'a maganar riƙo bayan saki babba ce, a buɗe mata nata zaren. A dawo kan tambayar Malama don Allah.

Nas_Daura:
Ni ta fannin asibiti zan shigo. Malama abu biyu. Na farko, kafin a tafi nesa, ki tabbatar yaron yana ji da kyau. In aka kira sunansa daga baya yana waiwayowa? Yana gwalantu, ba-ba da-da? Yana haɗa ido da Inna, yana miƙa mata abu, yana dariya in ta yi masa wasan ɓuya? In duk eh ne, to alhamdulillahi. In akwai wanda babu, ki kai shi a duba, ba don tsoro ba. Daga bayaninki dai yaron da ke bin kakarsa da kuka ya san nasa.

Na biyu, ke kanki ya kike? Ina tambaya ne don mun saba a duba jariri a manta da mai jego. Akwai damuwar da ke kama mace bayan haihuwa, ta ji komai ya fita ranta, ga kuka ba dalili, ga rashin barci ko da yaro ya yi barci, ta riƙa ganin ita ba uwar kirki ba ce. Ciwo ne, yana da magani. Mace a wannan hali fuskarta takan daskare, jariri ya yi mata murmushi bai samu amsa ba, ya sake bai samu ba, a hankali ya rage. A sashen masu tamowa na ga irin haka da yawa, musamman matan da suka baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga. Uwa na zaune da ɗa a cinya, idonta na wani wuri. Shi ya sa ba madara da maganin gyaɗar nan kawai ake ba su ba, har wasa da yaro ake zaunar da uwa a nuna mata, domin yana cikin jinyar.

Yar_Batsari:
Sista kin taɓo ni. Shekara uku ke nan muna Katsina. Daren da muka gudo ɗana na wata takwas a bayana, na toshe masa baki da hannuna a cikin gero don kada ya yi kuka a ji mu. Na daɗe ina ganin ya riƙe ni da wannan, domin bayan nan in na zo ɗaukarsa sai ya ƙame. Ashe ni ce ko ƙofa aka buga sai in zabura in fizge shi da ƙarfi. Sai da na samu natsuwa shi ma ya samu. Yanzu ba ya rabuwa da ni, har ya ishe ni.

Lakcara_Dutsinma:
Allah ya ƙara tsarewa, ya zaunar mana da yankunanmu lafiya. Labarinki amsa ce ga ɗaya rabin bidiyon, wai yadda yaro yake a shekara ɗaya haka zai mutu. A Minnesota ta Amurka an fara bin wasu iyalai tun 1975, daga haihuwar yaran har girmansu. An ga farkon yana da tasiri, amma yara da dama sun sauya rukuni da rayuwar gidan ta sauya, wasu zuwa kyau wasu akasin haka. Ko marayun Romaniya da duniya ta gani bayan 1989, waɗanda aka jibge a gadaje ba mai ɗauka, da aka mayar da wasunsu hannun iyalai, musamman kafin su kai wata 24, da yawa sun shaƙu da masu riƙonsu. Kuma rukunan nan ba cututtuka ba ne. Mai kau da kai ba majinyaci ba ne.

Malama_KofarSauri:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, na karanta duka, wasu da hawaye. Sista yana ji, yana gwalantu, har "Nna" yake cewa. Ni ma lafiya lau, gajiya ce da kishi, in faɗi gaskiya. Yaya 'Yar Fari, maganarki ta zauna min.

Ga abin da ya faru jiya Asabar. Wanzami ya zo yi masa aski. Inna ta zaunar da shi a cinya ta matse ƙafafunsa, ni ina ɗaki ina leƙe ta labule, don ba zan iya tsayawa a kai ba kuma ba zai yi kyau a gan ni ina rawar jiki ba. Tun da aka jiƙa kan yake tsala ihu. Ana gamawa Inna ta juyo shi tana jijjigawa tana masa kirari, ya ɗan lafa yana ajiyar zuciya. Can sai ya zame daga jikinta, ya rarrafo tsakar gida da kansa fes sai ƙyalli, ya wuce ƙanwar babansa da ta miƙo hannu, ya zo ya kama labulena ya miƙe tsaye yana sabon kuka. Na tsaya ban san abin yi ba. Inna ta ce, ke dalla ɗauki ɗanki, mu ma mun haihu. Na ɗauke shi, ya cusa kai a wuyana, ko minti biyar ba a yi ba ya yi barci.

UmmuJiddah:
Allahu Akbar. Inna ta biya, a gaishe ta.

Sarkin_Musu:
Nono ya je nema. Ku bar wahalar da kanku.

Malama_KofarSauri:
Bai sha ba Malam, ko nema bai yi ba.

Lakcara_Dutsinma:
Wannan musun ma an yi shi tun 1958. Wani masani ɗan Amurka, Harry Harlow, ya haɗa wa jariran birai uwa biyu na ƙarya, ɗaya ta wayar ƙarfe mai kwalbar madara, ɗaya lulluɓe da tawul ba madara. Su je su sha a ta waya su dawo su kwana manne da mai laushin, in an tsorata su kuma ita suke ruga wa.

Sarkin_Musu:
Yanzu kuma birai aka koma. To Inna fa ya fara lafawa a jikinta, ku faɗi wannan ma.

Yar_Fari_Ce:
An faɗa ai, yana da biyu. Malama gobe in kin dawo kar ki jira ya taso. Ki ajiye jaka ki zauna a ƙasa kusa da murfin tukunyar nan, ko Inna na kallo.

Goggon_Yara:
Ta dai yi a hankali. Inna ta ce ɗauki ɗanki ranar aski, ba ta ce a zubar da kunya a tsakar gida kullum ba. Gidan miji ne.

Malama_KofarSauri:
Yau Litinin na dawo, ya ɗago ya dube ni ya ci gaba da abinsa kamar kullum. Na zauna a bakin tabarmar dai ina cire takalmi a hankali. Ya miƙo min murfin, na karɓa, ya ƙwace abinsa.

Abu_Khalifa:
To ni fa jama'a? Tun sama nake magana ba wanda ya kula ni. Yaron nan har yau in na ɗauke shi ihu yake. Lakcara, ni wane rukuni ne?

DanKusugu:
Ƙarfe nawa kake dawowa gida, Abu Khalifa?

Abu_Khalifa:
Bayan an tashi daga majalisa, wajen sha ɗaya haka.